Mota Tana Karkarwa a Silo, Tana Mutuwa a Ishara: Shin Sai An Sauke Inji?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Makka ne, ina da Camry ƙirar 2000 mai silinda huɗu, giya otomatik, ta haura kilomita 400,000. Da ita nake kai yara makaranta, ina kuma ɗan yin mashawir (kabu-kabu) zuwa Jidda. Kusan wata biyu ke nan, idan na tsaya a ishara (danja) sai ta kama karkarwa, allurar inji ta yi ƙasa, wani lokaci ta mutu, musamman da rana in mukayyif (AC) yana kunne. Ina murza makulli take tashi. A babbar hanya kuwa lafiya lau take. Na canza fulogi, an wanke min nozul, na koma shan fetur 95, duk ba ta sake zani ba. Wani mai warsha (garejin gyaran mota) ya ce injin ya gaji, sai an yi taudib, wato a sauke shi a sabunta cikinsa. In yarda ne, ko akwai abin da ba a duba ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sawwaƙe, ya tsare ka da yaran a hanya. Zan fara da abin da ya fi tsaya maka a rai: kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Ba na musun cewa injin da ya ci kilomita 400,000 yana iya gajiya, amma gajiyar inji da agogo ake auna ta a ga lamba ƙiri-ƙiri, kuma daga bayaninka ban ga inda aka auna ba. Abin da ka siffanta ma bai yi kama da injin da ya ƙare ba.

Na haura shekara ashirin ina wannan sana'a a Jidda, kuma irin motarka ta bi ta hannuna ba adadi, domin ita 'yan'uwanmu masu mashawir suka fi riƙewa. Sau da yawa mai mota yakan zo da rabin amsa a bakinsa bai sani ba, kuma kai ma haka ka zo. Ka ce a tsaye kawai take yi. Ka ce mukayyif yana ƙara mata. Ka ce in ta mutu nan take take tashi. Ka ce a kan hanya ba ta da matsala. Waɗannan abubuwa huɗu duk wuri ɗaya suke nunawa, wato injin yana da lafiyar yin aiki, abin da ya gagare shi shi ne riƙe kansa lokacin da ka ɗauke ƙafa daga totur.

Me ya sa ciwo yake fara bayyana a silo

A silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, idan injin motarka ya yi zafi, yana juyawa wajen sau 700 zuwa 750 a minti. Faifan totur, wanda a nan ake kira bawwaba, kusan a rufe yake ruf. Iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce, man da ake fesawa ma haka, kuma dole ma'auninsu ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi. Idan kana gudun 110 a hanyar Makka zuwa Jidda, injin yana zuƙar iska mai yawan gaske, ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya tasiri, kamar an zuba cokalin ruwa a tukunyar miyar biki. A silo kuwa cokalin nan a ɗan kwanon mutum ɗaya aka zuba shi, dole a ji.

Kuma a daidai lokacin da injin yake mafi rauni ne ake ɗora masa kaya. Giya tana D tana jan sa, kwamfuresan mukayyif ya kama, fankoki sun tashi, dinamo yana neman ƙarfi don ya ciyar da su, in ka murɗa sitiyari famfonsa ma ya karɓi rabonsa. Abin da ke hana inji mutuwa a wannan hali wani ɗan bawul ne da ke manne a ƙarƙashin bawwaba, bawul ɗin silo. Aikinsa ya buɗe wa iska wata 'yar hanya ta gefe, ta zagaye faifan da ke rufe. Da zarar kwamfutar mota ta ji za a ɗora kaya, sai ta umarce shi ya ƙara buɗewa. Idan kana da lafiyayyar mota, ka lura: ana kunna mukayyif allura takan ɗan motsa ta koma wurinta ko ta ɗan ɗaga. Taka ƙasa take yi. Ma'ana umarnin yana zuwa amma iskar ba ta ƙaruwa, ko kuma kayan da aka ɗora ya fi ƙarfin abin da aka tanada.

Bawul ɗin silo da bawwaba

A nan zan fara in da motar tana gabana, kuma a nan na fi samun ɓarawon a irin wannan injin mai lita 2.2. Tururin baƙin mai yana dawowa cikin hanyar iska ta tiyon numfashin inji, ƙurar ƙasar nan kuma ba sai na ba ka labarinta ba. Su biyun nan idan suka haɗu sai su zama wani baƙin danƙo kamar kwalta, ya manne a gefen faifan totur da cikin bawul ɗin silo. Bawul ɗin naka wani ɗan ƙarfe ne da ke juyawa ya buɗe ko ya rufe taga. In danƙon ya kama shi sai ya riƙa nauyin juyawa, ko ya maƙale a wuri guda. Kwamfuta ta ce buɗe, kafin ya buɗe injin ya riga ya faɗi.

Akwai wani dattijo ɗan'uwanmu da ya taɓa kawo min irin motarka daga Makka, ya zo da kuɗin taudib a ambulan, wanda na fahimci rance ya haɗo. Na roƙe shi ya zauna ya sha shayi ya ba ni sa'a ɗaya. Da na cire bawwaba na kifa ta a kan tebur, na sa yatsa zan juya bawul ɗin, ko gezau bai yi ba. Tagar da ya kamata a hango haske ta cikinta ta toshe sai wani ɗan siririn layi kamar bakin reza. Muka jiƙa shi da maganin wanke kafireto, muka goge da tsohon buroshin haƙori, baƙin ruwa yana zuba a tire, har ya koma yana juyawa da ɗan taɓawa. Muka sa sabon gasket muka ɗaura. Na sa shi ya shiga da kansa ya sa D, ya taka birki, ya kunna mukayyif har ƙarshe. Allurar ta tsaya cak. Ya daɗe yana kallon ta bai ce komai ba, sannan ya mayar da ambulan ɗinsa aljihu.

Amma ka kula da yadda za a yi wankin, domin a nan ake cutar mutane. Wasu sukan cire babban tiyon iska kawai su fesa magani a bakin bawwaba injin yana aiki, hayaƙi ya tashi, su ce an wanke. Wannan yana tsabtace abin da ido ke gani ne kawai, bawul ɗin yana nan da dattinsa. Sai an kwance bawwabar gaba ɗaya, an raba ta da bawul ɗin. Ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto suna ratsa wurin, don haka a bari inji ya huce. Sukurorin da ke riƙe da bawul ɗin suna da laushin kai, wanda bai saba ba yakan cinye kansu. Kada a jiƙa ɓangaren lantarkin da magani, kuma a sa sabon gasket, tsohon in ya fito ba ya komawa daidai.

Abu ɗaya nake roƙon ka kada ka bari a yi: kada a taɓa ɗan sukurun da faifan totur ke tsayawa a kansa, kada kuma a ɗaure wayar totur don a ɗaga silo. Ina yaro a sana'a na ga ana yi, ni ma na yi, motar takan bar warsha tana dariya, mai ita yana godiya. Bayan sati biyu sai ta dawo tana fizga in an sa giya, tana shan mai, ainihin ciwon yana nan, ga kuma saitin kamfani an ɓata. An kashe maciji ne ba a sare kai ba.

In an wanke bawul ɗin yana juyawa sumul amma bai amsa umarni ba, to a auna wayoyinsa da soket ɗinsa kafin a ce ya mutu. Idan ya tabbata ya mutu, ni na fi son na asali daga tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, a kan sabon tijari mai arha wanda ba na kamfani ba. Na ga sababbin da ba su yi wata guda ba suka dawo da matsalar.

Kada a manta da mukayyif ɗin kansa

Tunda ka ce da rana ta fi yi, akwai gwajin da za ka yi da kanka yau ba ko sisi. Ka tsaya a inuwa, inji yana aiki, ka buɗe bonet, ka sa wani ya kunna mukayyif, ka dubi fankokin da ke bayan lagireto. Dole su tashi. Idan ɗaya ta mutu ko tana juyawa a kasalance, iskar gas ɗin mukayyif ba ta hucewa a kwandensa, matsinta yana hawa, kwamfuresa sai ya yi tauri kamar ana jan jaki a tudu. A kan hanya iskar gudu tana sanyaya kwandensar, ba ka jin komai. A ishara da azahar a Makka, zafi ya haura digiri 45, ba iska, sai nauyin ya danne inji. Wata alamar wannan ita ce sanyin mukayyif yana raguwa in ka tsaya, ya dawo in ka tashi. Haka ma idan an cika masa gas fiye da kima, ko kwandensar ta toshe da ƙura da ƙwari, ko kwamfuresan ya fara cijewa. Wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi abu ne mai sauƙi da mutane ke rainawa.

Ka sa a auna dinamo ma a wannan halin. Batir lafiyayye a kashe yana nuna wajen volt 12.6, in inji yana aiki kuma a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan an kunna mukayyif da fitilu lambar ta zube ƙasa da 13 sosai, akwai magana a dinamo, ko bel, ko wayar da ta haɗa inji da jikin mota. A Jidda danshin teku yana cin kawunan batir da wayoyin nan a hankali har su yi kore.

Iskar sata

Zafin ƙasar nan ba ya barin roba. Motar da ta shekara fiye da ashirin a ranar Hijaz, tiyoyinta in ka lanƙwasa su sai ka ji sun yi ƙas kamar busasshen kara. A silo akwai zuƙa mai ƙarfi a cikin manifol, duk wata tsaga iska za ta bi ta shiga ba da izini ba.

A nan akwai bambancin da ya kamata ka sani don kada shawarar intanet ta ruɗe ka. Motocin da ke da hassas, wato sensa, mai auna iska a bakin akwatin filta, in iska ta shiga ta bayansa sai mai ya yi kaɗan, injin ya yi karkarwa ya mutu. Injin motarka ba haka yake ba, matsin cikin manifol yake aunawa ta wani hassas da ɗan siririn tiyo ke kai wa. Don haka tsaga a wani tiyo yakan sa silonsa ya ɗaga ne, ko ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Amma idan ɗan tiyon hassas ɗin kansa ne ya tsage ko ya zame, sai kwamfuta ta ɗauka ka taka totur, ta zuba mai da yawa, salansa ta yi baƙin hayaƙi da warin fetur, injin ya shaƙe. Tiyon bai kai tsawon hannu ba, kuɗinsa bai kai na sandwici biyu ba, amma na ga ya sa an sayi nozul huɗu a banza.

Ka gwada wannan ma: mota tana P, ka taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu a jere, ka riƙe. In ka ji ƙarar iska "fuuu" a ƙarƙashin sitiyari, injin kuma ya ruɗe duk lokacin da ƙafarka ke kan birki, to bustan birki ne ke yoyon iska. Wannan yana yaudarar mutane ƙwarai, domin a ishara kullum ƙafa tana kan birki, sai a ɗauka tsayuwar ce ke kawo matsalar.

Masu warsha sukan nemi wurin yoyo ta hanyar fesa maganin kafireto a kan tiyoyi suna sauraren canjin sautin inji. Yana aiki, amma maganin yana kama wuta, kuma na taɓa ganin bonet ya kama a warshar maƙwabta saboda tartsatsin wayar fulogi. Injin hayaƙi da ake hura wa cikin manifol ya fi aminci kuma ya fi nuna wurin. In babu, ruwa a kwalbar feshi ma yana taimakawa.

Karkarwa iri biyu ce

Ka ce tana karkarwa, to ina so ka bambance min. Akwai wadda a nan ake ce wa taftafa: injin yana tsallake bugu, in ka sa tafin hannu kusa da bakin salansa ka ji "fut, fut" ba bisa tsari ba. Wannan silinda ce ba ta ƙona man ta daidai. Akwai kuma rajja zalla: sitiyari da kujera suna rawa in giya tana D, ka mayar N su lafa, amma allura tana tsaye, salansa tana fitar da numfashi sumul. Wannan ta biyun galibi kujerun inji, wato maƙallan da injin ke zaune a kansu, su ne suka mutu, robarsu ta zauna. Kujerun inji ba sa kashe mota. Don haka mai yiwuwa ne ciwo biyu ke gare ka a lokaci guda, ka gyara mutuwar, rawar ta rage amma ba ta tafi duka ba. Kada hakan ya sa ka ɗauka an yi aikin banza.

In taftafa ce, canza fulogi da ka yi bai rufe maganar wuta ba. Wane fulogi aka sa? Kasuwa cike take da jabu a kwalin manyan kamfanoni. Tazarar bakinsa milimita 1.1 ce, kuma in motarka mai kwayil biyu ce, fulogi mai ƙafa biyu ya dace da ita. Da aka ciro tsofaffin, an leƙa ramukansu? A wannan injin robar murfin bawul takan saki baƙin mai ya taru a ramin fulogi, ya jiƙa kan wayar, wuta ta riƙa tserewa. Wayoyin kansu ana auna su, kowacce kada ta wuce kilo-om 25. Da daddare a wuri mai duhu ka buɗe bonet injin yana aiki, in ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikin wayoyin, sun gama aiki. Daren Jidda mai danshi ya fi tona asirinsu. Kada dai ka kama su da hannu injin yana aiki.

Sai dai matsalar wuta ba ta cika ɓuya a kan hanya ba. Takan fito in ka taka a hawa, kamar hawan Hada zuwa Ɗa'if, mota ta riƙa fizga. Tunda ka ce taka ba ta yi, na sa wannan a baya.

Maganar mai

Ba zan daɗe a nan ba. Famfon fetur mai rauni ko filta da ta toshe sukan fara nuna kansu ne lokacin da inji ke neman mai da yawa, wato a gudu da hawa, akasin abin da kake gani. In ana shakka a ɗaura agogo a gani, matsin yana wajen 40 zuwa 50 psi gwargwadon shekarar motar. Fetur 95 kuwa ba magani ba ne. Lambar tana nuna juriyar mai ga fashewa kafin lokaci ne kawai, ba ta wanke komai, ba ta ƙara wa silo ƙarfi. Injin nan 91 ya ishe shi, ka koma koren, wato 91 ɗin, ka adana bambancin. Shawara ɗaya dai: ka daina barin tanki yana kaiwa ja, domin famfon a cikin fetur yake zaune, shi ke sanyaya shi.

Abin da kwamfuta za ta faɗa, da abin da ba za ta faɗa ba

Fitilar inji tana kunnuwa? Ka fara tabbatar da cewa tana kamawa in ka buɗe makulli kafin tayarwa, domin a tsofaffin motoci an sha cire ƙwanta kafin sayarwa. A yawancin Toyota na wancan zamani akwai ɗan akwatin bincike a cikin bonet, ana haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a buɗe makulli, fitilar ta riƙa ƙiftawa ana ƙirgawa. Lamba 22 hassas ɗin zafin ruwa ne, 31 na matsin manifol, 41 na totur. In kuma taka shigowar Amurka ce, tana da soket mai rami 16 na tsarin da aka wajabta a can tun 1996, a nan za ka ga irin su P0505 na silo, P0300 zuwa P0304 na taftafa, P0171 na ƙarancin mai.

Wannan bambanci yana da muhimmanci. Sai a farkon 2001 Saudiyya ta koma fetur marar dalma, don haka motoci da yawa da aka ƙera wa ƙasashen Khalij, wato yankin Gulf, kafin lokacin ba su zo da duk na'urorin hayaƙin da ke kan 'yan'uwansu na Amurka ba. Kafin a ce maka sayi hassas ɗin salansa, a nuna maka shi a jikin motarka. Haka bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji: in taka tana da shi, dole ya kasance a rufe a silo, kuma in gawayi ya tokare shi a buɗe yana kawo irin ciwonka sak, sai a cire a wanke.

Hassas ɗin zafin ruwa yana iya yin ƙarya ba tare da ya kunna fitila ba. Da mita ake kama shi: wajen om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. In yana gaya wa kwamfuta inji da sanyi alhali ya yi zafi, mai zai yi yawa a silo. Al'adar cire tamostat da ta yaɗu a nan da sunan maganin zafi ita ma tana rikita wannan lissafi, ni ban yarda da ita ba. Ka kuma riƙe cewa lamba tana nuna unguwa ne, ba gida ba. Bawul ɗin silo mai datti sau da yawa ba ya ba da lamba ko ɗaya.

Akwai mutuwa iri biyu da na cire daga lissafinka, amma ka san su ko yanayin ya canza. Idan mota ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli, ta ƙi tashi sai ta huce minti goma sha biyar ko ashirin, wannan zafi ne ke kashe kwayil ko hassas ɗin karanshaf. Idan kuma bayan doguwar tafiya ce, kana rage gudu za ka tsaya sai ta yi fizga ta mutu kamar mai giyar hannu da ya manta kuloci, wannan daga giya ne, kulocin cikin kwanbata bai saki ba. An fi ganin sa a tsofaffin motocin Amurka.

To, taudib fa?

Ka koma wurin mai warshar cikin mutunci ka ce ya auna maka matsin silinda a gabanka. Aikin rabin sa'a ne: inji da ɗumi, a cire fulogi huɗu, a yanke mai da wuta, a buɗe totur gaba ɗaya, a ɗaura agogo a kowane rami a murza. A wannan injin, lafiyayye yana ba da wajen 178 psi, mafi ƙarancin da kamfani ya yarda da shi 142, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce 14. Ka rubuta lambobin huɗu da hannunka. In ɗaya ta faɗi, a ɗiga cokalin baƙin mai a ramin a sake aunawa. Ta ɗaga sosai, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket, wanda aikin kan inji ne kawai, bai kai ga sauke shi duka ba. A wannan shekarun ma tazarar bawul takan matse, kuma ana saita ta da 'yan faifan ƙarfe ba tare da an buɗe cikin inji ba. In kuma an canza bel ɗin taimin dab da fara matsalar, a duba ko an tsallake haƙori ɗaya.

Injin da ya gaji da gaske ba ya ɓoye kansa. Yana shan baƙin mai tsakanin canji da canji, yana shuɗin hayaƙi, yana wahalar tashi da safe, ba ya hawa tudu, in ka buɗe murfin zuba mai yana aiki sai ya riƙa huci kamar tukunya. Ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Duk wannan daga wasiƙa nake magana, ban ji sautin motar ba, ban shinshini salansarta ba, kuma mota takan zo da ciwon da bai bi ƙa'ida ba, kamar waya da ta karye a cikin rigarta tana haɗuwa tana rabuwa. Irin wannan sai an zauna da mita da haƙuri. Amma ko da na yi kuskure a wanda na fi zato, tsarin bai canza ba: fankoki da birki ka gwada da kanka, sannan bawwaba da bawul ɗin silo da ƙananan tiyoyi, sannan awon dinamo da wayoyi, sannan awon matsi. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a hau motar kwana biyu a gani, kuma a ba ka tsohon kayan da aka cire.

Kafin a gyara, tunda yara kake ɗauka, ka sani in inji ya mutu sitiyari yana yin tauri, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne ke da laushi, bayan nan sai ka danna da duk ƙarfinka. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. In za ka tsaya ka kashe maɓallin mukayyif ka bar fanka, a doguwar ishara ka mayar da giya N. Ka kauce wa hanyoyin cikin dutse na Makka a lokacin cunkoso har sai an gama, mutuwar mota a cikin nafaƙ, wato irin waɗannan hanyoyin, ba ƙaramin haɗari ba ne. In ta mutu tana tafiya, ka sa N ka murza makulli, kada ka mayar da shi baya har ya kulle sitiyari.

In an yi awon, ka turo min lambobin silinda huɗun, da inda allura take tsayawa a P da a D, da mukayyif da ba mukayyif, ka kuma gaya min ko fankokin biyu suna tashi.